Shebrel, mutumin da ya gano asirin sabuni

1. Tsohuwar sana'a, tsohuwar tambaya

Kowa ya san sabuni. Da shi muke wanka, da shi muke wanki, da shi muke wanke hannu kafin mu ci abinci. A ƙauyukanmu akwai tsofaffin mata da suka gwanance wajen dafa sabunin salo. Sukan ƙone karan gero, su zuba tokar cikin tukunya mai huji a gindi, su sa ruwa. Ruwan toka ya riƙa tsiyaya sannu sannu. Sai su dafa shi har ya yi ƙarfi, su sa kitse ko mai, su yi ta tuƙawa da muciya. In ya huce, su cura shi.

Wannan sana'a ta daɗe ƙwarai a duniya. Mutanen da suka zauna inda ƙasar Iraƙi take yanzu sun rubuta yadda ake haɗa mai da toka tun fiye da shekara 4000 da suka wuce.

Amma ga abin mamaki. Mai yana ɓata riga. Toka ita ma tana ɓata riga. Ƙaƙa abu biyu masu ɓata riga, in an dafa su tare, suke zama abin wanke riga? Masu dafa sabuni sun iya aikinsu, amma ba su san amsar wannan tambaya ba. Shi ya sa aikin yakan ba su kunya. Yau sabunin ya yi kyau. Gobe ya yi kaifi, ya ci hannu. Jibi ya yi maiƙo, ya ƙi kumfa. Kitse ya tafi, itace ya tafi, wahala ta tafi a banza.

Mutumin da ya amsa tambayar Bafaranshe ne. Sunansa Mishel Ejen Shebrel. Da faransanci ana rubuta sunan haka: Michel-Eugène Chevreul.

2. Yaron birnin Anje

An haifi Shebrel ranar 31 ga watan Agusta na 1786, a birnin Anje (Angers), a yammacin ƙasar Faransa. Ubansa likita ne sananne a garin.

Yarintarsa ba ta zo cikin kwanciyar hankali ba. Yana da kusan shekara 3 aka fara babban juyin mulki na Faransa, a 1789. Yana da shekara 7 yaƙin basasa ya iso ƙasarsu. An kewaye birnin Anje da yaƙi, an kashe mutane da yawa a dandalin gari. Yaron ya ga wannan tashin hankali da idonsa.

Da ƙura ta lafa, ya shiga makarantar garinsu. Abin da ya fi so shi ne shimi, wato ilimin da ke binciken abin da kowane abu ya ƙunsa, da yadda abubuwa suke sakewa in an haɗa su.

A 1803, yana da shekara 17, ya tafi Pari, babban birnin ƙasar. Ya shiga hannun wani babban malamin shimi mai suna Bokalan (Vauquelin). Ɗan talakawa ne wannan malami, shi kansa da wanke kwalabe a ɗakin magani ya fara. A wurinsa Shebrel ya koyi aiki da tsabta da auna kowane abu kafin a yi magana a kansa. Cikin ayyukansa na fari akwai na rini. Ya binciki shuni, irin wanda marinanmu suke samu daga baba, da waɗansu itatuwa masu ba da launi.

A 1810 aka ɗauke shi aiki a gidan tarihin halittu na Pari, inda ake ajiye tsirrai da dabbobi da duwatsu don nazari. Ya yi kusan shekara 80 yana aiki a wannan gida.

3. Guntun sabuni

A 1811 malaminsa ya ba shi guntun sabuni, ya sa shi ya binciki abin da ke ciki. An yi sabunin da kitsen alade da potas, wato gishirin da ake samu cikin toka. Ƙaramin aiki ne a ido. Manyan masana na zamanin ba su kula da kitse ba. Abu ne mai maiƙo, mai wari, mai wuyar sarrafawa. Suna tsammani kitse abu guda ne, kuma sabuni ba kome ba ne sai kitse da potas da suka manne da juna.

Shebrel bai ɗauki wannan magana ba sai ya gwada. Ya narkar da sabunin cikin ruwa mai yawa, ya bar shi ya kwanta. Sai ya ga waɗansu ƴan ɓarɓashi masu ƙyalli kamar lu'ulu'u. Ya tace su, ya wanke su, ya zuba masu asid mai ƙarfi don ya raba su da potas. Wani farin abu ya fito. Ya yi kama da kitse, amma ba kitsen da aka dafa ba ne. Halinsa dabam: shi kansa asid ne.

Mene ne asid? Ku tuna da tsamiya da lemun tsami. Tsaminsu daga asid yake. Toka da kanwa kuwa abokan gabar asid ne, suna kashe tsami. Shi ya sa mai miya take sa ƴar kanwa in yakuwa ta yi tsami da yawa. Masana suna kiran toka da kanwa da danginsu alkali. Kalmar daga larabci ta fito, ma'anarta tokar tsiro. Kada ku rikita ta da alƙali mai yanke shari'a.

Kafin Shebrel, ba wanda ya tabbatar da akwai asid cikin kitse. A 1813 ya kai labarin abin da ya gano gaban majalisar masana ta Faransa.

4. Shekara 12 gaban ma'auni

Wani zai tsaya nan, ya ce ya gama. Shebrel bai tsaya ba. Ya nemo kitsen tumaki, da na shanu, da na dinya, da man shanu, da man dabbobin teku. Kowanne ya dafa shi da alkali, ya mai da shi sabuni, sa'an nan ya warware sabunin ya ga abin da ke ciki.

Yana da dabara guda ta sanin ko abu ya rabu sarai da sauran. Yakan narkar da shi cikin alkol, ya bar shi ya sake daskarewa, ya auna zafin da yake narkewa. Ya sake, ya kuma sakewa. In zafin narkewa ya daina canzawa, to abin ya tsarkaka. Har yanzu masana suna aiki da wannan dabara.

Da haka ya raba asid iri iri. Ga biyu da ya kamata ku sani:

Na fari shi ne asid siteyarik. Fari ne, mai tauri, ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 70. Yana da yawa cikin kitsen tumaki da na shanu. Shi ya sa kitse yake daskarewa a bakin kwano in romo ya huce.

Na biyu shi ne asid oleyik. Ruwa-ruwa ne. Yana da yawa cikin man zaitun da man gyaɗa. Shi ya sa man gyaɗa yake zuba daga kwalba.

Akwai kuma abu na uku. Duk sa'ad da ya dafa sabuni, yakan iske wani ruwa mai yauƙi, mai zaƙi, ya saura. Wani masani ɗan ƙasar Suwed, Shele (Scheele), ya taɓa ganinsa a 1779, amma bai gane matsayinsa ba. Shebrel ya raɗa masa suna gilserin, daga kalmar Girkawa mai nufin zaƙi.

Sa'an nan ma'auni ya nuna masa wani abu. In ya tara nauyin asid da na gilserin, sai ya ga sun fi nauyin kitsen da ya fara da shi. Ga lissafin kamar yadda aka san shi yau. Kitse giram 100 yana ba da asid wajen giram 96 da gilserin wajen giram 10. In kun tara, 106 ke nan. Daga ina giram 6 suka fito? Daga ruwan da ke cikin tukunya. Ashe kitse yana shan ruwa lokacin da yake rabuwa. Wanda bai auna ba, har abada ba zai ga wannan ba.

A 1823 ya tara sakamakon aikinsa cikin littafi guda a kan kitsen dabbobi. Shekara 12 ke nan tun ranar da aka ba shi guntun sabuni. Mai haƙuri yakan dafa dutse, har ya sha romonsa.

5. Abin da ke faruwa cikin tukunya

To, ga asirin. Kitse ba abu guda ba ne. Asid ne da gilserin a ɗaure tare. A 1854 wani masani, Bartalo (Berthelot), ya nuna kowane gilserin guda yana riƙe da asid uku.

Ku ɗauka gilserin turke ne, an ɗaure awaki uku a jikinsa. Awakin su ne asid. In aka zuba ruwan toka aka hura wuta, sai igiyoyin su kwance. Kowane asid ya bar turke, ya kama potas na cikin toka. Asid da potas da suka haɗu, su ne sabuni. Turke kuwa ya saura shi kaɗai, shi ne gilserin. Ana iya rubuta abin a layi guda:

kitse + alkali = sabuni + gilserin

Wannan sakewa ita ake ce ma *saponification* da faransanci, wato zama sabuni. Bayan ta, ba sauran kitse, ba sauran toka. Sabon abu ne ya samu, mai sabon hali.

Yanzu muna iya gane abin da yake ba masu dafa sabuni kunya. Kowane mai yana da gwargwadon alkalin da yake buƙata. In alkali ya yi yawa, ragowar ta zauna cikin sabuni, ta ci hannu. In ya yi kaɗan, wani kitsen bai kwance ba, sabuni ya yi maiƙo. Misali, kilo 1 na man gyaɗa yana buƙatar soda wajen giram 135. Tokar kara kuwa ba kullum ƙarfinta yake ɗaya ba, shi ya sa sai gwanar da ta daɗe tana yi take gane daidai.

Irin alkali shi ma yana da tasiri. Potas na toka yana ba da sabuni mai laushi, kamar na salo. Soda, wadda take dangin kanwa, tana ba da sabuni mai tauri, wanda ake yankawa sanda sanda. A manyan masana'antu, in dahuwa ta ƙare, sai a zuba gishiri. Sabuni ya taso sama, gilserin ya saura ƙasa cikin ruwa. A kwashe gilserin a sayar dabam, a yi magunguna da man shafawa da shi. A sabunin gida, gilserin yana zama ciki.

Saura tambaya guda: ƙaƙa sabuni yake fid da dauɗa? Masanan da suka zo bayan Shebrel ne suka ƙarasa amsar. Dauɗa tana manne ma jiki da tufa saboda maiƙo, ruwa kuwa ba ya shiri da mai. Kowace ƙwayar sabuni tana da kai biyu. Ɗaya yana son mai, ɗaya yana son ruwa. Kamar dillali take a kasuwa, hannu ɗaya riƙe da mai saye, ɗaya riƙe da mai sayarwa. Ƙwayoyin sabuni sukan kewaye maiƙo, su farfasa shi ƙanana ƙanana, ruwan ɗauraya ya tafi da shi, tare da dauɗa da ƙwayoyin cuta.

6. Amfanin da duniya ta samu

A da, sabuni mai kyau yana da tsada a Turai. Abu biyu suka sauƙaƙa shi. Na fari, a 1791 wani Bafaranshe, Labalan (Leblanc), ya gano yadda ake yin soda da gishirin teku. Shi dai bai ci moriyar aikinsa ba. An ƙwace masana'antarsa lokacin juyin mulki, ya mutu cikin talauci a 1806. Na biyu shi ne aikin Shebrel. Da shi masu masana'antu suka koyi auna mai da soda daidai. Suka kuma gane ba lalle sai man zaitun ba, waɗansu mayuka ma suna yi.

Birnin Marsai, a bakin teku a kudancin Faransa, ya shahara da sabuni. Masana'antunsa suka shiga neman manja da man kwakwa da riɗi da gyaɗa daga ƙasashe masu nisa. Gyaɗar Sanagal ta fara zuwa Faransa tun wajen 1840. Daga baya, a zamanin mulkin mallaka, gyaɗar ƙasar Maraɗi da ta Damagaram ta bi wannan hanya. Ana tara ta a buhuna, a kai Kano, jirgin ƙasa ya kai ta bakin teku. A can Faransa a matse ta, a yi man ci, a yi sabuni. Wani sabunin ya komo kasuwanninmu, manomin gyaɗa ya sa kuɗinsa ya saya.

Aikin Shebrel ya gyara haske kuma. A lokacin ba lantarki. Talakawan Turai suna kunna kyandir na kitse, mai hayaƙi, mai wari, mai saurin narkewa. Na kakin zuma kuwa sai masu kuɗi. Shebrel ya ga asid siteyarik yana da tauri, yana cin wuta da haske mai kyau. A 1825 shi da abokinsa Ge-Lusak (Gay-Lussac) suka karɓi takardar izinin yin kyandir da shi. Cinikin bai yi masu kyau ba, don hanyarsu tana da tsada. Sai a 1831 waɗansu suka sami hanya mai araha, suka buɗe masana'anta a Pari, suka yi arziki. Shebrel ya koma ɗakin gwajinsa. Farin kyandir ya shiga gidajen talakawa.

Ba duk abin da ya gano ne ya tsaya yadda ya faɗa ba. Asid ɗin da ya fara rabawa, mai ƙyallin lu'ulu'u, ya ɗauka abu guda ne. A 1853 wani masani Bajamushe ya nuna asid biyu ne a gauraye. Haka ilimi yake tafiya: na baya yana gyara aikin na gaba, da irin ma'aunin da na gaba ya koya masa.

7. Daga kitse zuwa launi

A 1824 aka naɗa Shebrel shugaban marina a masaƙar Gobalan (Gobelins), inda ake saƙa ma sarakunan Faransa manyan dardumai na ado. Masaƙa suna kuka baƙin zare bai rinu ba. Ya gwada zaren, ya iske rinin lafiya lau yake. Laifin na ido ne. Launi yana sakewa a idon mai kallo gwargwadon launin da ke kusa da shi. Baƙi kusa da shuɗi ba ya yin kama da baƙi kusa da ja. A 1839 ya buga littafi a kan wannan, masu zane da yawa suka ƙaru da shi.

Ya taimaki likitoci su ma. A 1815 ya nuna sukarin da ke cikin fitsarin mai ciwon sukari irin na ƴaƴan inabi ne.

8. Tsufa

A 1830 ya gaji kujerar malaminsa Bokalan. A 1864 ya zama shugaban gidan tarihin halittu. Da yaƙi ya tashi tsakanin Faransa da Jamusawa a 1870, aka kewaye Pari. Yana da shekara 84, amma bai gudu ba. A watan Janairu na 1871 harsasan igwa suka faɗa gidan, suka farfasa ɗakunan da ake renon tsirrai. Tsohon ya rubuta takardar ƙin yarda, ya sa hannu, don duniya ta san an harbi gidan ilimi.

A 1886 ya cika shekara 100. Faransa ta yi masa babban buki, masana suka zo daga ƙasashe da yawa. Duk da haka yakan kira kansa babban wan ɗaliban Faransa, don a ganinsa bai gama karatu ba. Da aka fara gina hasumiyar Efel a Pari, yakan sa a kai shi ya ga inda aiki ya kai. An rubuta sunayen masana 72 a jikin hasumiyar, har da nasa.

Ya rasu ranar 9 ga watan Afrilu na 1889, kwana kaɗan bayan an gama hasumiyar. Yana da shekara 102.

Shebrel bai ƙago sabuni ba. Kakanninmu suna dafa shi tun kafin a haife shi. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki abin da kowa ya raina, ya yi tambaya, ya auna, ya sake aunawa, har ya sami dalili. Ku ma, yara, akwai irin waɗannan tambayoyi cikin madafin gidanku, da marina, da maƙera. Matambayi ba ya ɓata.

Kalmomi

shimi: ilimin abin da abubuwa suka ƙunsa da yadda suke sakewa.
asid: abu mai tsami ko danginsa.
alkali: toka, kanwa, soda da danginsu, masu kashe tsami.
gilserin: ruwa mai yauƙi da zaƙi da ke fita daga kitse.

Tambayoyi

1. A wane gari aka haifi Shebrel, a wace shekara? Shekara nawa ya yi a duniya?
2. Waɗanne abubuwa biyu ne suke ɗaure cikin kitse?
3. Don me wani sabuni yake cin hannu, wani kuma yake maiƙo?
4. Me ya bambanta sabunin potas da na soda?
5. In kilo 1 na man gyaɗa yana buƙatar soda giram 135, giram nawa kilo 4 yake buƙata?

Aiki

Ku sami kwalba biyu. Ku zuba ruwa da ɗan man gyaɗa cikin kowace. Ku sa ɗan sabuni cikin guda. Ku girgiza su, ku ajiye, ku rubuta abin da kuka gani.

Ku je tare da malaminku wurin mai dafa sabunin salo. Ku gaishe ta da ladabi, ku tambaye ta irin karan da take ƙonewa, da irin man da take sawa, da yadda take gane sabuni ya dahu.

A kula: soda da ruwan toka mai ƙarfi suna ƙona fata, suna ɓata ido. Yaro ba ya taɓa su. In sun zuba ma mutum, a wanke wurin nan da nan da ruwa mai yawa, a kai shi wurin likita.